Kujerar da ta kai ni Darmstadt

Shekara 26 ke nan ina aikin kafinta a Kano, kuma yawancin abin da ke fita daga shagona kujerun amare ne. Ban taɓa sa wa raina zuwa Turai ba. Ɗan yayata ne ya gama digirin digirgir a Darmstadt ta ƙasar Jamus, ya samu aiki a can, ya ce tunda mahaifinsa ya rasu, ni zan je in tsaya masa a bikin kammalawar. Amma in don gaskiya ne, akwai wata kujera da ta riga shi kira na.

Shekara 4 da suka wuce wani Alhaji ya aiko min da ita a bayan a-kori-kura, cikin kayan gwanjon da ya sayo daga Kwatano. Kujera ce mai hannu, baƙa-baƙa, nauyi kamar turmi. An sassaƙa ganye a saman majinginarta, fatar mazaunin ta tsattsage, ƙusoshin tagulla sun kewaye ta. Ya ce a sabunta masa. Da na farke ta ban ga soso ba. Gashi na gani, gashin dabba na gaske, da wani zare kamar na kaba, da sifirin da aka bi ɗaya-ɗaya aka ɗaure da igiya. Na sa yara suka kwashe suka zubar, na cusa soso, na rufe da leda mai ƙyalli, na fesa wa katakon ruwan gwal. Alhaji ya ji daɗi har da tukwici. Ni kuwa abin ya tsaya min a rai, don na juya ta gaba da baya ban ga ƙusa ko ɗaya a mahaɗin katakon ba, kuma ko girgiza ba ta yi. Hoton da na ɗauka kafin in taɓa ta na tura wa yaron nan. Ya ce, "Kawu, ai garin da nake, nan ne gidan irin waɗannan."

Maganar biza ba zan ja ta ba: Yuro 90, inshorar lafiya, takardar gayyata, takardun banki, sai jira na makonni. Na bar Kano bayan sallar Asuba a ƙarshen watan Satumba. Kafin mu kai Kaduna mun wuce shingen bincike sun fi a ƙirga, wasu a ɗaga mana hannu, wasu a leƙa but. A Rigasa na hau jirgin ƙasa zuwa Idu, daga nan filin jirgin sama. A jakata akwai kuka da daddawa da yaji, da kilishi na Naira 30,000, da jajayen fatun akuya guda biyu da na saya a kasuwar Ƙofar Wambai, ba tare da na san wa zan ba ba.

Jirgin dare ne, wajen awa 6, muka sauka Frankfurt gari bai gama wayewa ba. Jami'in shige da fice ya tambaye ni inda zan sauka da ranar komawa, na miƙa masa takardu, ya buga hatimi. Gaba kaɗan aka ce in buɗe jaka. Nan kilishina ya ƙare. Dokarsu ta hana shigo da nama ko nono daga wajen Tarayyar Turai, kuma yaron ya gaya min tun a waya, ni ne na ce ai busasshe ne. Ina kallo aka jefa shi a wani kwando. Fatun kuwa mutumin ya warware ɗaya, ya shinshina, ya ga jemammiya ce, ya nannaɗe min abata.

Da muka fito waje iska ta mare ni. Na ce wannan ai tsakiyar hunturu ne. Yaron ya yi dariya, ya ce, "Kawu, sanyi bai ma yi sallama ba tukuna." Bas ta kai mu Darmstadt cikin rabin awa.

Gidansa ɗaki biyu ne a hawa na uku, kuma abin da yake biya a wata ya isa hayar shagona ta shekaru. Abin da ya fi damuna shiru. Kwana 12 na yi ban ji kukan yaro ko sallamar maƙwabci ba. Ranar Lahadi kantuna a rufe, shara kuma sai an rarraba ta gida-gida, takarda daban, roba daban, ragowar abinci daban. Ruwan kwalbar da na fara saya na kurɓa na tofar, ashe mai gas ne. Robar ma ba a yar da ita, in ka mayar kanti a ba ka santi 25. Abinci kuwa Turkawa ne suka rufa min asiri da wani burodi mai cike da yankakken nama da ganye, Yuro 8. Na daina juya kuɗin zuwa Naira tun rana ta biyu, don kada in fasa ci. Da dare yaron ya tuƙa mana tuwon semo da miyar kuka.

Bikin da na je dominsa bai kai awa biyu ba. Abokan aikinsa sun yi masa hula ta kwali, suka liƙa mata hotuna da tarkacen tsokana, ya sa aka yi ta dariya. Al'adarsu ke nan ga wanda ya zama dakta. Na yi masa addu'a, na tuna mahaifinsa, na share ido.

Ranar Litinin na matsa mu hau Mathildenhöhe, tudun da ke gabashin gari. Muka tarar gidan tarihin a kulle, don Litinin ba sa buɗewa. Sai muka zagaya waje. Akwai cocin Rashawa mai ƙubba ta zinariya, wadda aka gina wa Sarki Nicholas na Biyu na Rasha saboda matarsa 'yar gidan sarautar garin ce. Kusa da ita ga wata hasumiya ta jan bulo, tsawonta ya haura mita 48, samanta kamar yatsu biyar a miƙe. Yaron ya ce gudummawar aure ce: garin ne ya gina wa sarkinsu Ernst Ludwig don tunawa da aurensa na 1905, aka gama ta a 1908, kuma har yau ana ɗaura aure a cikinta. Na ce to, mu in mun yi ƙoƙari sai gado da kujeru da firji.

Washegari muka koma. Ginin gidan tarihin, wanda ake kira Ernst-Ludwig-Haus, yana da ƙofa mai baka da adon ruwan zinariya, da manyan gumaka biyu, namiji da mace, da ba a wahalar da su da sutura ba. Na sunkuyar da kai na shige.

Yaron yana karanta min allunan bango yana fassarawa. Wannan Ernst Ludwig, jikan Sarauniya Victoria ta Ingila, shi ne a 1899 ya gayyato masu zane bakwai, ya ba su wuri da albashi, cikinsu har da Joseph Maria Olbrich daga Vienna da Peter Behrens. Ba don nishaɗi kawai ya yi ba, so yake masu sana'ar ƙasarsa su samu sabon samfuri da zai sayu. A 1901 suka yi baje koli, amma ba a rumfa ba. Gidaje suka gina sukutum, suka zuba musu komai, daga ƙofa har cokali. Ɗaya daga cikin gidajen na Julius Glückert ne, mai masana'antar kayan ɗaki, wanda ya mai da shi wurin nuna hajarsa. Salon kuma sunansa Jugendstil, daga wata mujalla mai suna Jugend, wato ƙuruciya, da aka fara bugawa a Munich a 1896. Faransawa nasu suke kira Art Nouveau. A 2021 UNESCO ta sa tudun cikin wuraren tarihi na duniya.

Inda na kasa kunne sosai shi ne abin da ya fusata waɗannan samari. A zamaninsu masana'antu kwaikwayon kujerun tsofaffin sarakuna suke yi, a fito da fure da kan zaki daga inji, a manna wa katako, a sayar wa sabon mai kuɗi. Na ce wa yaron ya sake karanta min. Sai na ji kamar da ni ake, don a shagona akwai buhu guda na furannin roba da muke mannawa mu fesa wa gwal.

Kujerar da ta fara tsayar da ni ta Behrens ce, wadda ya zana don ɗakin cin abincin gidansa: fara fat, mazauninta jar fata. Babu fure ko ɗaya a jikinta. Layi ne kawai ya taso daga ƙafa, ya lanƙwasa, ya zama hannu, ya wuce ya zama majingina, kamar karan gero da iska ta kaɗa. Duk kafinta ya san tsadar irin wannan lanƙwasa. Sai ka samu katako mai kauri, ka bi jijiyarsa, ka yarda rabinsa ya tafi a ɓarɓashi, in ba haka ba wata rana ya karye a daidai gwiwar. Sauran kujerun wasu na da sassaƙa, amma ba ta da zurfi, kuma a jikin katakon take, ba ɗaurin aure aka yi musu da gam ba. Inda hannu ke sauka kuwa an bar shi sumul.

Ban san lokacin da hannuna ya miƙa ba. Wata mata mai tsaron ɗakin ta yi magana a hankali. Yaron ya ce, "Kawu, ta ce da ido ake kallo." Na ba da haƙuri, na ce ya tambaye ta ko an hana leƙa ƙarƙashi. Ta ce ba a hana ba. Sai na tattare babbar rigata na kwanta a ƙasa. Fuskar kujera ta mai saye ce, kafinta ƙarƙashi yake dubawa. Na ga an goge shi kamar saman, babu tsaga, babu ƙusar da ta lanƙwashe aka bar ta. Da na tashi na tarar wasu tsofaffin Jamusawa biyu su ma sun sunkuya suna neman abin da nake kallo.

Gidan Behrens ɗin yana nan a gangaren tudun, amma kayan cikinsa wuta ta ci yawancinsu lokacin da aka yi wa garin ruwan bama-bamai a Satumban 1944. Baje kolin 1901 ma da asara aka tashi, don kayan sun fi ƙarfin aljihun talaka. Wannan bai ba ni mamaki ba. A 1906 wani mai zane, Richard Riemerschmid, ya fito da kayan ɗakin da aka zana musamman don inji ya yi su, a 1914 yaƙi ya zo, kasuwar ta watse.

Mun je Offenbach, garin dukawa, inda akwai gidan tarihin fata da aka kafa a 1917. Na daɗe ina jin Bajamushe ba ya makara, sai ga jirginmu ya makara har muka rasa na gaba, muka tsaya cikin sanyi, na biya Yuro 1 don in kama ruwa. Na ga takalma da jakunkuna da sirdi na ƙasashe iri-iri, amma raina na kan kujera, kuma har lokacin ban zauna a ko ɗaya ba.

Wani abokin aikin yaron ne ya haɗa mu da wani tsoho mai gyaran tsofaffin kayan ɗaki, a wani ƙauye ta wajen tsaunukan Odenwald. Tun daga ƙofa ƙamshin ya tarbe ni, ƙamshin ɓarɓashin katako da kakin zuma da wani abu mai ɗan ƙarni. Tsohon ya kama hannuna, ya juya tafin, ya ga kanta, ya ce wata kalma. Yaron ya ce, "Ya kira ka abokin sana'a." Daga nan ni ma Maigida na riƙa ce masa, yaron na fassarawa.

Ƙarnin na gam ne. Tukunya ce ƙarama a cikin ruwan zafi, gam ɗin ƙashi da fata. Ya ce amfaninsa shi ne, in ka sa masa zafi da laima sai ya saki, ka kwance mahaɗin ka gyara ka mayar. Mahaɗin kuma irin wanda aka koya mana ne muna yara muka watsar don sauri: a huda wannan, a fiƙe wancan, a zura, wani lokaci a soke da turken katako. A kan teburinsa akwai wata kujera a farke, sai na ga duk abin da na zubar a Kano. Ɗamarar algarara a ƙasa, an saƙa ta kamar tabarma. Sifirin a kai, an ɗaure da igiya. Sai zaren nan mai kama da na kaba. Na tambayi sunansa. Ya ce Afrik. Na ce me? Ya maimaita. Zaren ganyen wata gajeruwar bishiya ce dangin dabino da ake kawowa daga Arewacin Afirka, sunan nahiyar suka laƙaba masa. Gashin kuma na doki ne. Ya ce shi ba ya zubar da tsohon gashi, wanke shi yake ya tsefe ya mayar, ya sake wasu shekarun.

Na ciro waya na nuna masa hoton kujerar Alhaji kafin aiki, sannan bayan aiki. Ya daɗe yana kallon na biyun. Bai ce komai ba, sai ya tashi ya haɗa mana kofi. Da ya zage ni da ya fi min sauƙi.

Bayan kofi ya janyo wata daga lungu ya ce in zauna. Ta itacen da suke kira Eiche ce, itace mai tauri, ko da yake bai kai kiryarmu ba. Ya ce ta wajen 1905 ce, kuma ba ta da sunan kowa, don yawancinsu haka suke: manyan masu zane sun buɗe hanya, ƙananan masana'antu suka bi. Fatar majinginar ƙirgi ce, wato jemammiyar fatar saniya, mai kauri, da ganyaye da suka taso kamar za a tsinke su. Ya ɗauko guntun fata ya nuna min yadda ake yi. A jiƙa ta, a zana, a bi zanen da wuƙa zuwa rabin kaurinta, a buɗa tsagar da wani ƙarfe marar kaifi, a daddanne kewayen, sannan a turo ganyen ta baya a cike ramin don kada ya koma. Ya ambaci Georg Hulbe na Hamburg, wanda ya shahara da wannan aiki har ya yi wa majalisar dokoki ta Berlin aikin fata. Daga baya aka koma dannawa da farantin ƙarfe don araha, kuma ana gane bambancin da sawun wuƙa. Na ba shi labarin dukawanmu da ke tsaga fuskar jar fata su ɓare ta, farin ƙasa ya fito ya zama zane.

To, na zauna. Gaskiya ba kujerar gyangyaɗi ba ce. Bayanta a miƙe yake, mazaunin da ɗan tauri, tana sa ka zama kamar alƙali. Wanda ya ci tuwo ya ƙoshi yana son ya nutse, wannan ba za ta yi masa ba, kuma na san matan da za su zo jere su danna ta da yatsa su ce ba ta da laushi. Amma hannayena da na ɗora, ƙarshen katakon ya cika tafina daidai, ya yi santsi da hannun mutanen da suka riga ni. Na jijjiga jikina da gangan. Ko ƙis.

A nan na fahimci bambancinmu ba na iyawa ba ne. Kujerar amarya don ranar jere ake yin ta, a shigo a gani, a ce iyayenta sun yi ƙoƙari. Uban yarinya yana da kuɗin saiti guda da mako uku kacal, ni kuma in sayi ɗanyen malaina yau in yanka gobe. Tsohon nan kuwa a bayan shagonsa akwai katakai a jere da 'yan sanduna a tsakaninsu, kowanne da shekararsa a rubuce da alli. Ya ce ƙa'idar da ya gada ita ce shekara guda ga kowane santimita na kauri.

Sai na warware masa fatun Ƙofar Wambai. Ya murza, ya shinshina, ya kai taga ya duba. Ya ce wannan ai masu ɗinkin littattafai ne ke nemanta, sun san fatar akuyar Najeriya sarai. Na ce ita ce kakanninsu suka riƙa kira fatar Maroko, don ta can ayari ke fitar da ita, kuma mutuminsu, matafiyi Heinrich Barth, ya ga kasuwarta da idonsa a Kano a 1851. Ya tambayi abin da muke jima da shi, na nuna masa hoton bagaruwa, na ce jan kuma karan dafi ne. Ya ce su da ɓawon Eiche suke yi a rami, fata ta shekara ko fiye. Amma ya ce ga mazaunin kujera ta yi ƙanƙanta kuma ta yi laushi, sai dai ƙirgi. Na bar masa ɗaya. Shi kuma ya ba ni wata tsohuwar wuƙar yankan fata da dunƙulen gashin doki.

Na tambayi kuɗin wadda na zauna a kai. Yuro 1,400, kuma ya ce fiye da rabi ladan gyara ne, don samarinsu ba sa son kaya masu nauyi. Ranar Asabar a kasuwar gwanjo ta bakin kogin Main a Frankfurt na ga wata mai karyayyen hannu, aka yi min Yuro 120. Na zagaya ta sau uku. Kuɗin kai ta Kano ya ninka nata, ga shi tsohon ya gargaɗe ni cewa busasshiyar iska ce babbar abokiyar gabar tsohon katako da tsohuwar fata, ni kuwa na san abin da hunturunmu ke yi wa ƙofa. Na auna ta da igiyar awo, na zana a bayan tikitin jirgi, na bar ta.

Dawowa ba ta da labari, sai tambayar da aka yi min a filin jirgi a kan gashin doki, na rasa yadda zan yi bayani, aka yi dariya aka bar ni.

Kwana biyu da sauka na nufi gidan Alhaji. Ya ce ai tuni Hajiya ta canja kayan falo, kujerar an ba mai gadi. Na same ta a ƙofar gida ƙarƙashin darbejiya, ledar ta ɓaɓɓare, soson ya lotse, ruwan gwal ɗin ya dusashe. Na kama hannunta na girgiza, ba ta motsa ba. Na ce, "Baba, sayar min da kujerar nan." Ya dube ni, ya dubi kujerar, ya ce shi ba ya son kuɗi, in kawo masa ta roba guda biyu, don wannan in ana ruwa ba ya iya ɗaga ta shi kaɗai. Yanzu tana bayan shagona, na fara kankare fentin daga kan ganyen, mako na uku ke nan ina yi bayan La'asar, in yara sun gama fesa wa saitin da za a ɗauka ranar Asabar.